Kukar da Na Zuba a Lagireto

Daga Malumfashi, ranar Laraba, cikin kakar auduga.

Zuwa ga Mai Sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Ina fata kun sauka Funtuwa jiya ba tare da wata wahala ba, kuma gidan da kuka kama ya yi muku daɗi. Allah Ya sa kun shiga a sa'a, Ya tsare ka a hanya da gida, Ya raba ka da sharrin ƙarfe. Mu nan duk lafiya lau. Innarka tana gaishe ku, ta ce a gaya wa matarka ta manta turminta a tsakar gida, in an sami mai zuwa za a aiko.

Kai ne ɗan fari, kuma tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Haka muka taso muka tarar ana yi, balle kai da ka ci sunan mahaifina. Jiya da za ku tashi na so in ja ka gefe, bakina ya yi nauyi, na ɓige da zagaya motar kayanku ina taka tayoyi kamar wanda aka sa aiki. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci yau ya yi mini rana. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da sifana ya saba.

Abin da ya sa ni rubutu shi ne abin da na gani ranar Asabar, da surukinka Alhaji Sani ya rage mini hanya zuwa Kafur kana tuƙi. Ina zaune a bayanka, ina ganin agogon zafi ta saman kafaɗarka. Tun kafin mu yi rabin hanya hannun agogon ya wuce tsakiya, ya kama hanyar ja. Na ga ka dube shi sau uku. Na ga ka buɗe baki ka rufe. Alhaji ya ce, "Mu ɗan ƙara wuta, masu auduga na jirana," ka ce "To," ka taka totur. Allah Ya rufa asiri muka isa. Amma ni ban ji daɗin kasuwar ranar ba, don na gane abin da ke damunka. Kunyar suruki ce. Ba ka iya ce wa uban matarka a tsaya, ga shi kuma yanzu shi za ka riƙa tuƙawa kullum. In ba ka koyi buɗe baki ba, wata rana za ka ƙona masa inji a tsakiyar daji, ka ɓata sunanka, ko ma abin ya fi haka. Ni na san inda irin wannan shirun yake kai mutum, don na je can na dawo.

Bari in fara da motar kanta, tunda ita za ka aura ta biyu. Irin wadda na fara tuƙawa ce a gidansu, lokacin mahaifinsa Alhaji Bawa, Allah Ya ji ƙansa, sai dai wannan sabuwar yayi ce. Injinta ƙarami ne, na fetur, silinda huɗu a jere, kowace da fistin ɗinta da fuloginta. Ruwa ke sanyaya shi. Giya huɗu ce gaba, ɗaya baya. An taɓa gaya mini wai ƙarfinsa bai kai na doki arba'in ba. Ni dai ban taɓa ganin dawakin ba, amma na san in ka ɗora mata mutum shida a hawa sai ka ji kamar rabinsu sun tafi kiwo. Mutum huɗu aka yi ta dominsu, da 'yar jakarsu. A kwalta, mil arba'in zuwa arba'in da biyar shi ne jin daɗinta. A gargada kada ka wuce talatin, in ba haka ba duk wani noti da ke jikinta sai ya kwance ya bi hanya. Inji ne mai haƙuri, ba ya shan mai da yawa, kuma ba ya mutuwa farat ɗaya. Kafin ya lalace sai ya yi ta gaya maka, ta sauti, ta wari, ta hayaƙi. Direba ne ke ƙin ji.

Kuskurena na farko a kan fetur ne. Da damina ne, mai ya ƙare mini wajen Bakori, na sayi na garwa a bakin hanya na tuttula a tanki ban tace ba. Ashe ruwan sama ya shiga garwar, ga tsatsa. Ban yi mil biyu ba mota ta fara tari, ta ja, ta saki, ta ja, ta saki. Da ƙyar na lallaɓo ta gida. Na kwance kafireto, inda mai ke gauraya da iska, na ga 'yar ƙofar da mai ke bi ta toshe. Maimakon in hura ta, sai na shiga ɗaki na zari allurar ɗinkin hula ta innarka na dinga sakace ramin har ya buɗe. Mota ta tashi, ni ma na tashi ina taƙama. Daga ranar ta koma shan mai kamar babbar mota, tana tafe tana baƙin hayaƙi, fulogi kuwa kullum baƙi ƙirin, don na faɗaɗa ramin da aka auna shi daidai. Innarka da ta gano allurarta a lanƙwashe ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Ka kashe mini allura, ka kashe wa Alhaji mota, duk kafin la'asar." Gaskiya ta faɗa.

Saboda haka duk man da ba daga famfon gidan mai ya fito ba, ka tace shi da tsumma mai tsabta. Kada ka bar tanki ya yi ƙasa ƙwarai, don dattin yana kwance a gindi yana jiran ranar. In ƙofar mai ta toshe, ka hura da bakinka ko da famfon taya, ƙarfe kada ya shiga wurin. Da bazara kuma, in ka tsaya da zafin rana ta ƙi tashi, sau da yawa man ne ya zama tururi a hanyarsa. Jiƙa tsumma ka ɗora a kan famfon man, ka ba ta ɗan lokaci, za ta tashi da kanta.

Na biyu kuwa, son a sani ne ya ja mini. A tashar Funtuwa, ranar kasuwa, ga direbobi zaune a inuwa, na buɗe bonet don a ga ni ma na iya. Na fizge wayoyin fulogi duka huɗun a lokaci guda, na kwance fulogin na goge su tas, na mayar. Da na zo mayar da wayoyi sai na tsaya ina kallonsu, su ma suna kallona. Na jera su ɗaya, biyu, uku, huɗu, yadda ake ƙirga. Na murɗa makulli, salansa, wato bututun hayaƙi, ta yi wata irin ƙara kamar bindigar maharba, jakunan da ke ɗaure a gefe suka tsinke da gudu da mangalolinsu. An yi shekara ana kirana Mai Bindiga a tashar nan. Ashe wutar injin ba bi da bi take zagawa ba. Ɗaya take fara ba, sai uku, sai huɗu, sannan biyu. Ka riƙe wannan kamar sunanka. In za ka goge fulogi, ka cire ɗaya, ka gama da shi, ka mayar, sannan ka taɓa na gaba. Tazarar bakinsa kamar kaurin farcen babban yatsanka ce. Ta kwantak kuwa, wato 'yan ƙarafan nan biyu da ke buɗewa da rufewa cikin distirbuta mai raba wuta, kwalin taba ya isa auna ta in ba ka da abin awo. In ka ratsa ruwa da damina mota ta mutu, kada ka yi ta murɗa makulli har batir ya kwanta. Buɗe murfin distirbuta ka share laimar da busasshen tsumma. Kuma kada ka buɗe bonet don masu kallo, ka buɗe shi don motar.

Baƙin mai ban yi babban kuskure a kansa ba, sai ganda. Na riƙa ƙarawa a kan tsoho maimakon in juye, har zoben fistin suka cinye, mota ta koma shuɗin hayaƙi. Kowace safiya, kafin ka tayar, ka zaro sandar awo ka goge ka mayar ka sake zarowa. In jar fitilar mai ta kama kana tafiya, a nan take za ka kashe inji, ko a tsakiyar gada kake. Ka riƙa leƙa hayaƙinka ta madubi. Baƙi, fetur ya yi yawa. Shuɗi, tana cin baƙin mai. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan ta ɗumama, ruwa ne ya sami hanya ya shiga inda bai kamata ba, kuma in ka buɗe murfin mai ka ga abu kamar koko, to gasket ɗin da ke liƙe kan inji ya ƙone, kada ka ƙara ko taku ɗaya.

Duk waɗannan abin dariya ne, ko a zaure ina ba da labarinsu. Wanda zan gaya maka yanzu, in ban da mutum ɗaya, ban taɓa gaya wa kowa ba, har innarka.

Kana da shekara takwas a lokacin. Wata rana Alhaji Bawa ya aike ni, na gama da wuri, sai na ce bari in karkata in duba gonata, ba da saninsa ba. A 'yar hanyar gonar dutse ya tashi ya huda lagireto, ruwa ya kama tsiyaya. Akwai dabarar da direbobi ke yi in sun rasa yadda za su yi: a zuba garin kuka a lagireto, in ya ji zafi ya kumbura ya yi yauƙi sai ya liƙe hujin. Na shiga wani gida na roƙi wata tsohuwa, ta ba ni cikin ludayi tana tambayata ko motar ma tuwo take ci. Na zuba, yoyo ya tsaya, na dawo gida.

Dabarar ba laifi ba ce. An yi ta ne don ta kai ka gida kawai. Da ka isa sai a zubar da ruwan, a wanke lagireto, a liƙe hujin da dalma. Ni kuwa in na kai ta gyara dole Alhaji ya ji, in ya ji zai tambayi inda na je. Sai na yi shiru. Yoyo ya dawo, na ƙara kuka. Ya sake dawowa, na sake ƙarawa. Mako uku ina yi wa motar mutane miya. Ga shi kaka ta yi, motocin auduga sun cika hanya, kaɗa tana tashi tana manne wa fuskar lagireto har ta yi kamar bargo. Ciki ya toshe da kuka, waje ya toshe da auduga.

A lokacin akwai wani makanike a garin nan, sunansa Nomau. Bamaguje ne daga wata unguwa a bayan Kafur, ya koyi aikin a wajen gyaran injunan gurzar auduga. Duk manyan motocin Alhaji Bawa shi ke duba su, kuma ban taɓa ganin mai kunnen inji kamarsa ba. Ana gobe za mu ɗaurin aure Funtuwa na kai masa motar ya sauya fambel, bel ɗin da ke juya fanka. Ya gama, ya buɗe murfin lagireto, ya tsoma yatsa ya murza. Ya ce, "Isuhu, ruwan ga naka bai yi mani ba. Bar ta nan in wanke ta."

Na ce, "Babu lokaci, Alhaji na jira. In mun dawo."

Ya dube ni, ya goge yatsansa a wando, ya rufe bonet.

Washegari muka ɗau hanya mu shida, ga buhun shinkafa a but. Ba mu yi nisa ba hannun agogon zafi ya fara hawa. Na gani sarai. Alhaji Bawa yana gefena da babbar rigarsa, mutumin da ya yi mini aure, ya ba ni wurin zama, ko idonsa ban iya kallo. Na ce a raina bari mu kai gangara, za ta huce. Muka kai gangara ba ta huce ba. Na ji warin zafi, na ji inji ya fara ƙwanƙwasa in na taka. Na haɗa maganar a bakina, "Alhaji, sai mun tsaya," har na ja numfashi zan faɗa, sai ya ce, "Isuhu, taka ta mana, za a shafa fatiha ba mu." Na ce, "To, Alhaji." Na taka.

Mil uku muka ƙara. Ƙarfi ya ɗauke, tururi ya turnuƙe gilashi, mota ta tsaya da kanta. Na ruɗe. Na kama murfin lagireto da hannu na murɗe, tafasasshen ruwa ya yi tsiri ya wanke mini damtse. Tabon nan na hannuna na dama da kuka sani, nan na samo shi. Akwai rijiya kusa, na karɓi guga a hannun wata mata na kwarara ruwan sanyi a injin da ya yi ja. Na ji wani ɗan sauti, ƙas, bai fi na fashewar kaskon suya ba. Kan injin ne ya tsage.

Ka ji wannan da kyau. In inji ya yi zafi, ka sauka gefen hanya ka kashe shi, ka buɗe bonet ya sha iska. Kada ka taɓa murfin lagireto sai ka iya ɗora tafin hannunka a kai ka bar shi. Ko a lokacin ma ka rufa tsumma, ka sassauta a hankali, ka kau da fuskarka. Sannan ka tayar da injin, ka riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana aiki. Ruwan kuma mai tsabta, ba na kududdufi ba. Ka riƙa danna fambel da yatsa, kada ya yi sako-sako kada ya yi tsauri. Yanzu da ake kakar auduga, kullum da safe ka share fuskar lagireto da 'yar tsintsiya mai laushi. Ina zaton abin da ya same ku ranar Asabar ke nan, in ba ka duba ba ka duba yau.

Aka ɗaura aure ba mu. Babbar mota ce ta jawo mu gida da igiya, yara na bin mu suna ihu. Da la'asar Alhaji Bawa ya zauna a zaure, mutanensa kewaye da shi, ya ce, "Isuhu, wa ya taɓa motar nan daga ƙarshe?"

Na ce, "Nomau ne, Alhaji. Jiya."

Ka ga, ban yi ƙarya da baki ba. Shi ya taɓa ta daga ƙarshe. Amma na san abin da za a fahimta, kuma shi nake so a fahimta. Aka aika aka kira shi. Ya zo ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce shi fambel kaɗai ya sa, kuma a je a duba yana nan lafiya. Ya ce a bar shi ya rantse da abin da mutanensu ke rantsuwa da shi. Wani daga cikin na zaune ya yi dariya ya ce wa zai karɓi wannan rantsuwar. Ni kuwa ko rantsuwa ba a nema a wurina ba, tunda sahu ɗaya muke tsayawa da su a masallaci. Na san da haka tun kafin in ambaci sunansa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Nomau ya juyo ya dube ni. Bai ce komai a kan ruwan da ya murza ba. Ni kuma na dubi tabarma.

Wata uku motar tana kan duwatsu kafin a samo wani kan injin daga Kano. Alhaji Bawa ya janye motocinsa daga wurin Nomau. Sauran masu motoci suka ji, su ma suka janye. Aka riƙa cewa ga mai ƙona inji nan. Kafin wata damina ya tattara sifanoninsa a buhu ya koma ƙauyensu. Ni kuwa na ci gaba da tuƙi a gidan har ƙarfina ya ƙare, ana yabona da riƙon amana. Da wannan sunan kuka girma, da shi aka ba ka 'yar gidan, da shi aka miƙa maka makulli.

Shekara goma sha biyar ina gaya wa kaina abin ya wuce. Ranar Asabar da na ga bakinka ya buɗe ya rufe, na ga bai wuce ba. Ni na gadar maka, ko da ban taɓa ba ka labarin ba.

Ranar Litinin na hau keke na tafi unguwar su Nomau. Na same shi a gindin ɗorawa yana gyara wa wani keke, ya tsufa, ƙafa ɗaya tana ba shi wahala. Ya gane ni tun daga nesa. Ya sa aka kawo mini ruwa da tabarma, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta kewaye-kewaye, na yi zancen damina, na yi zancen auduga, daga ƙarshe dai na ce, "Nomau, motar nan ta Alhaji Bawa, ni na kashe ta. Kuka na zuba mata."

Bai ko ɗago daga kan keken ba. Ya ce, "Na sani. Ai na taɓa ruwan. Ko makaho ya san yauƙin kuka."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa a zaure?"

Ya ce, "In hwaɗa wa wa? Kai ke zaune gaban mota da shi. Na ce yaron ga tsoro ya kama shi, in ya kwana biyu shina zuwa ya hwaɗi da bakinai. Na jira kaka, na jira bazara." Ya ɗaure notin da ke hannunsa, sannan ya dube ni. "Ka daɗe a hanya, Isuhu."

Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Na roƙe shi gafara, na tambaye shi abin da zan yi masa. Ya ce shi ba ya bukatar komai, hatsinsa na kai shi shekara. Ya ce, "Tsakanina da kai ya wuce. Amma ɗiyana in sun shiga Malumfashi har yau ana ce masu ɗiyan mai ƙona inji. A zaure aka ɓata ni, ba a gindin ɗorawa ba. Tsohon ya tahi, amma ɗansa na nan."

Na ce masa gaskiya ne.

Saboda haka jibi Juma'a ni da Nomau za mu shigo motar haya mu zo Funtuwa, inda Alhaji Sani yake zaune yanzu. Bayan an sauko daga masallaci, lokacin da zauren Alhaji Sani ke cika, zan faɗi abin da na gaya maka a takardar nan, daga hanyar gona har zuwa amsar da na ba mahaifinsa. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Shi ma surukina ne, kunyar da kake ji ni ma ina jin irinta. Ban san yadda zai ɗauka ba. Mai yiwuwa ya yi shiru ya wuce, mai yiwuwa ya daɗe yana kallonka da abin a ransa. Na auna wannan, na ga ban da ikon ɓoye maka, shi ya sa na fara gaya maka kafin a ji a zaure. In ka ji haushina, kana da gaskiya.

Ba na ce ka daina girmama surukinka ba. A ƙofar gidansa ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, kada ka ci abinci a gabansa, duk yadda aka koya maka. Amma in ka zauna bayan sitiyari, kai ke ganin agogo, shi hanya kawai yake gani da mutanen da ke jiransa. Ba sai ka kalli fuskarsa ba. Ka kalli titi ka ce, "Alhaji, a yi haƙuri, inji ya yi zafi, sai mun tsaya." In ya ce a ci gaba, ka maimaita, kana mai sauka gefen hanya. Zai yi faɗa na rabin sa'a, ya huce tare da injin. In ka yi ɓarna kuma, ko ta ganganci ko ta kuskure, ka faɗa a ranar da bakinka, kafin a tambayi wa ya taɓa.

Ga abin da nake so ka yi mini. Daga tasha zuwa gidan Alhaji da 'yar tazara, kuma ƙafar Nomau ba za ta kai shi ba. Gobe ka sami Alhaji, kai da kanka, ba ta bakin matarka ba, ba ta bakin wani ba, ka ce mahaifinka zai zo da baƙo, kana roƙon a ba ka mota ka ɗauko su. In ya tambaye ka wane baƙo, ka ce Nomau makanike. Zai tuna sunan. In mun zo, shi za ka buɗe wa gidan gaba, ni zan zauna a baya. In mun shiga zaure kuma kada ka koma wajen mota, ka zauna daga bakin ƙofa inda za ka ji komai.

Allah Ya tsare ka a hawa da gangara, Ya kai ka inda za ka lafiya Ya dawo da kai lafiya, kai da duk wanda ka ɗauka. Allah Ya sa albarka a aurenka da sana'arka, Ya ba ka ƙarfin zuciyar da ni na rasa ina da shekarunka. Ka gaishe da matarka. Ka sa ni a addu'a daga nan zuwa Juma'a, ina bukata. Za mu iso tasha da hantsi, in Allah Ya yarda.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Isuhu Direba